Daga Ƙofar Jatau Zuwa Kwatano da Mai Girkin Jam'iyya

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A ɗakin karatu a tare ni, a bakin masallaci a tare ni: ya garin yake, me kuka ci, da gaske da Tanimu ka tafi? Ni kuwa ba gwanin baki ba ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, kawuna Alhaji Sani shi ne shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa a Ƙofar Jatau. Ni Muntari ɗalibi ne, Faransanci nake karantawa, abin da kawu yake kira yaren da ba a ciniki da shi a Zariya. Tanimu kuwa ɗan daudu ne, ya haura hamsin. Tun ina ƙarami shi ke girkin duk wani taron jam'iyya, da zane ɗaure a ƙirji, kuma shi ke shiga gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" ya fito da mata ranar zaɓe. Maza na kiransa Tanimu, mata na kiransa Tani. Kowa ya ci shinkafarsa, amma ban taɓa ganin an ba shi kujera ba.

Wata ƙungiya ce ta shirya taron horarwa a Kwatano don ƙananan ma'aikatan jam'iyyu, aka ba mazaɓarmu gurbi biyu, na matashi da na mai tattara mata. Hajiya Asabe, shugabar mata, tana zaman jego wajen 'yarta, sai ta ce Tani ya wakilce ta, tunda dama shi ke aikin. Kawu bai iya musa mata ba. Zaɓen shugabannin mazaɓa ya matso, wani Alhaji Bala ya fito neman kujerarsa, mata kuma suna hannun Hajiya.

Ana gobe za mu tashi kawu ya kira ni zaure.

"Muntari, ba yawon buɗe ido na tura ka ba. Ka sa wa mutumin nan ido. Masu irin wannan taro ba a banza suke ciyar da mutum ba. Kada a ɗauke shi hoto da atamfar jam'iyya. In ya yi magana, kai ne tafinta, ka san abin da za ka rage. Kuma ka dawo mini da shi. In ya maƙale can yana cewa ana zaluntarsa a gida, da sunansa Bala zai raba ni da kujerar nan."

Na ce to. Da wannan zargin na shiga mota.

A tasha na tarar da Tanimu cikin kaftani da hula, idonsa raɗau da kwalli, yana faɗa da yaran mota kan jakarsa. Da ya buɗe ta zai ciro goro na hango atamfar jam'iyya a ninke, ba a ɗinka ba. Namiji kaftani yake ɗinkawa da ita. Wanda bai ɗinka ba, ɗaurawa zai yi.

"Malam Boko, ka iso? Zauna bakin taga, kada ka yi mini amai a jiki. Wannan littafin kuma fa? Can ma jarrabawa za a yi mana?"

Kafin mu kai Kwantagora ya ciyar da rabin motar da dambun nama. Wata 'yar kasuwa ta zama ƙawarsa, har sun fara gulmar mijinta. Wani dattijo da ke gefensa ya ci dambun ya ƙara, ya yi santi, sai da ya saurari muryarsa da kyau sannan ya tattara babbar rigarsa ya matsa. Tanimu ya gani, ya sake miƙa masa kwanon.

"Ci abinka, Alhaji, ba a ɗauka ta dambu."

Aka kwashe da dariya, har dattijon ya murmusa ba da son ransa ba.

Abu biyu suka ƙara mini zargi a hanya. Na farko, da aka tsaya sallah ya yi alwala tare da mu, amma ya koma gefe, sai da aka sallame kowa ya tashi sannan ya shimfiɗa ɗankwalin ƙawarsa ya yi tasa shi kaɗai. Na biyu, waya. Kowane lokaci ya rufe baki da hannu yana cewa, "E, ƙawata, da na tsallaka zan neme ki." Na ce a raina, ashe kawu ya san abin da yake faɗa.

Mun kwana a hanya, muka shiga Legas da safe. Ba zan ce komai a kan Legas ba, don ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Daga nan muka sami ƙaramar mota zuwa kan iyaka, da alkawarin direba zai jira mu a ɗaya ɓangaren ya ƙarasa da mu Kwatano.

A kan iyaka ana laluben jiki kafin a buga hatimi, don haka layi biyu ne, na maza da na mata. Na shiga na maza, na ɗauka Tanimu na bayana. Sai da na tsallaka na waiwaya, na hango shi can gindin wata bishiya, zaune bisa jakarsa yana cin goro. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini. Direba ya fara ihu da yaren da ban sani ba, fasinjoji suka taya shi. Na roƙe shi da Faransancina na aji, wanda a ranar na gane bai da amfani wajen mai fushi. Ya sauke mini jakata ya ja motarsa.

Ina tsaye cikin rana ina kallon Tanimu ta tsakanin ƙarafa. Na tabbata wani yake jira, mai yi masa hanyar gudu. Ba wanda ya zo. Layin maza ya ƙare, na mata ya ƙare, sannan ya miƙe ya kaɗe kaftaninsa ya nufi jami'an. Ba a ɗauki lokaci ba aka sallame shi.

"Malam Tanimu, motar ta tafi! Me kuke jira?"

"Layi nake jira ya ƙare mana."

"Ai shiga ake yi."

"Wanne? In shiga na maza su fara ga ta nan, ga ta nan. In shiga na mata a kira mini soja. Ni haka na saba, ɗan nan. A gama da kowa, in akwai saura a yi da ni."

Ban yarda da shi duka ba. Amma sai sallar da ya yi shi kaɗai a hanya ta faɗo mini a rai.

Da acaɓa muka shiga Kwatano, Tanimu rungume da jakarsa yana salati da ƙarfi. 'Yan acaɓansu duk riguna masu ruwan ɗorawa suke sawa, kamar 'yan makaranta. Mata na tuƙa babur da goyo a baya ba mai waiwayarsu. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man ja. Burodinsu dogo ne, ɓawonsa na yanka dasashi. Tanimu ya ce wannan ba abinci ba ne, makami ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Kalma ɗaya, mutum ya wuce. A Zariya wanda ya gaishe ka haka, sai ka aika a tambayo laifin da ka yi masa.

A masauki aka sake samun matsala. Masu taron sun ji an ce wakilin shugabar mata, sai suka haɗa shi ɗaki da wata baiwar Allah daga Togo. Da aka ga hula, aka ce to a haɗa shi da ni. Ba zan ɓoye ba, na shiga tunanin abin da za a ce a unguwa. Tanimu ya kalle ni sau ɗaya ya ɗauki jakarsa.

"Kwantar da hankalinka, Malam Boko. Ko kai ka yarda ni ban yarda ba, an ce masu karatu minshari gare su. Ina da ƙawa a Zango."

Kafin in haɗa kalmomin hana shi ya hau acaɓa. Na kira wayarsa ba ta shiga. Na zauna ina shirya yadda zan gaya wa kawu cewa tun ranar farko na ɓatar da mutumin da aka ba ni amana.

Washegari da hantsi ina zaune gaban shayi da makamin burodin nan, sai ga shi da kwanon koko da ƙosai mai zafi. Ƙawar da yake ta kira a waya wata tsohuwa ce 'yar Ƙofar Galadima, ta daɗe tana sayar da abinci a Zangon Kwatano.

"Sha, kada ka rame a ce ni na cinye ka."

Taron a wani babban ɗaki aka yi shi, mai sanyin na'ura. Akwai mata, akwai guragu da makafi, akwai matasa, duk mutanen da jam'iyyu ke aika amma ba sa zaunarwa. Maza da mata a gauraye, kowa inda ya ga dama. Tanimu ya zaɓi kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Ina lura da wani saurayi mai kyamara da ke ta kewaya mu, duk inda ya juya sai in karkata in tare.

A rana ta biyu aka gabatar da wata Madam Sila daga wata ƙasa ta kudancin Afirka, doguwa, mai kaurin murya, sakatariyar reshen jam'iyyarsu. Da bakinta ta ce namiji aka haife ta, ta sauya jinsi, kuma a matsayin mace jam'iyyarta ta san ta. Ban taɓa jin mutum ya faɗi haka a bainar jama'a ba. Na sunkuyar da kai ina istigfari a zuci, na ce to ga inda aka nufa, ga dalilin ciyarwar. Ina fassara wa Tanimu ƙasa-ƙasa. Na zaci zai yi murna. Sai ya taɓe baki.

"Tambayar mini ita nawa suka ba ta ta zo ta faɗi haka."

Ban tambaya ba. Amma da aka fita shan shayi ita da kanta ta nufo mu, mai kyamara na biye da ita. Ta tambaya da Turanci ko shi ma irinta ne.

"Gaya mata ban san sunan da suke kiran abin a ƙasarsu ba. Mu a garinmu ɗan daudu ake cewa, kuma ba yabo ba ne. Sannan ka gaya wa wancan mai ido ɗayan ya kawar da abinsa. Shi zai hau jirgi ya tafi, ni Ƙofar Jatau zan koma."

Na fassara yadda ya faɗa. Madam Sila ta yi dariya har da dafa ƙirji, ta kori mai kyamarar da hannu. Ta ce ita ma ta tsani hoto. Ta ce shekarun farko jam'iyyarta ta manna fuskarta a kowane bango don a ce suna da irinta, amma duk ranar da kwamiti zai yanke shawara sai a aike ta sayo ruwa. Tanimu ya gyara zama.

"Ashe ke ma 'yar aike ce. To zauna, ƙawata."

Suka daɗe suna hira, ni a tsakiya kamar igiyar waya. Ta tambaye shi ko ya taɓa jefa ƙuri'a a jam'iyyarsa. Nan na yi mata bayanin yadda muke yi, ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya a fili, magoya bayansa su jeru a bayansa, maza layi guda mata layi guda, mai ƙirga ya bi yana taɓa kafaɗar kowa. Ta ce to shi wanne yake shiga? Ina buɗe baki in ba ta amsa sai na ga ban sani ba. Na sha zuwa filin zaɓen. Kullum Tanimu na gindin dalbejiya wajen tukwanensa, ni kuma na ɗauka girkin ne ya hana shi.

A ranar ƙarshe aka ce mahalarta su zaɓi wanda zai yi jawabin rufewa. Kwali aka ajiye bayan labule, kowa ya rubuta suna a 'yar takarda ya jefa, layi ɗaya tal. Na ga abin kamar rashin amana, mutum ya zaɓe ka ko ya ƙi ka ba ka sani ba. Tanimu ya koma bakin ƙofa yana jira a gama. Madam Sila ta fita daga layi ta kamo hannunsa ta tsayar da shi a gabanta. Da ya fito daga bayan labulen yana ta kallon yatsunsa.

"Shi ke nan? Wannan ne abin?"

Wata makauniya daga Mali ce ta ci. Amma kafin ta yi jawabi aka zaga da makirfo kowa ya faɗi abin da zai koma da shi gida. Da aka zo kanmu Tanimu ya miƙe, ya buɗe jaka ya ciro atamfar. Na ji kamar in nutse. Bai ɗaura ba, ya riƙe ta a ninke.

"Wannan ita ce ta shekarar bana. Ina da irinta cike da akwati. Ni na fito da matan da suka zaɓi duk wanda ya taɓa hawa kujera a unguwarmu. Ban zo in kai ƙarar kowa ba, mutanena ne, gobe ma ni zan dafa musu. Ba kujera nake nema ba. Ina so dai kafin in mutu mai ƙirga ya taɓa kafaɗata."

Ya miƙo mini makirfon. Maganar kawu ta dawo mini, na duba abin da zan rage. Ban sami ko kalma ɗaya ba. Na fassara duka.

Dawowa ba ta da labari sosai. A kan iyaka na tsaya a bayansa a layin maza, wani ya yi tsaki, wani ya ce wani abu da Yarbanci, muka wuce, motarmu ba ta bar mu ba. Kawu ya tare ni tun ban ajiye jaka ba.

"Hoto?"

"Babu, kawu. Shi da kansa ya hana."

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Ka rage?"

"Babu abin ragewa, kawu."

Ya daɗe yana kallona kamar ni ma an saye ni a can.

Ba a jima ba ranar zaɓen mazaɓa ta zo, a filin makarantar firamare. Kawu ya tsaya gabas, Alhaji Bala ya tsaya yamma, layuka suka miƙe a bayansu, kuma ko da ido ka duba ka san sun yi kusa da juna ƙwarai. Tanimu ya gama shigo da matansa gida-gida, ya koma gindin dalbejiya, atamfar nan ɗaure a ƙirji bisa singileti, yana juya shinkafa. Ina cikin layin maza, Hajiya Asabe na daidai da ni a na mata.

Mai ƙirga ya taho yana taɓa kafaɗu. Sai na ga Tanimu ya ajiye ludayi ya nufo mu. Yaran Bala suka fara fito da shewa: "Kai, ku duba amaryar Alhaji Sani!" Wasu daga layinmu ma suka taya su. Tanimu bai waiwaya ba, amma da ya iso tsakanin layukan biyu ya tsaya cak, kamar yadda layukan kan iyaka suka tsayar da shi.

Ban san lokacin da na ja baya na bar gurbi a gabana ba. Hajiya Asabe ita ma ta matsa tana cewa, "Taho nan, Tani." Ya kalli nawa gurbin, ya kalli nata, sai ya tsaya a tsakiya, kafaɗa ɗaya wajena ɗaya wajenta.

"Tsaya da kyau, Malam Boko," ya ce ƙasa-ƙasa. "Jikinka rawa yake kamar kai za a yanka."

Mai ƙirga ya iso, hannunsa ya tsaya a sama. Ya juya ya kalli kawu. Idan kawu ya ce a ƙirga, ya ba Bala abin tsokana na shekaru. Idan ya ce a'a, Hajiya Asabe ta riga ta gyara mayafi irin na mai shirin tafiya, matan bayanta duk ita suke kallo. Kawu ya dubi layin Bala, ya dubi nasa, ya share gumi da hannun riga.

"Malam, ka ƙirga mana, rana na dukan mutane."

Hannun ya sauka a kafaɗar Tanimu, ya wuce zuwa tawa.

Kawu ya ci, da ƙyar. Har yau ban san ko zuciyarsa ce ta yi magana ba, na fi zargin lissafi ne. Bai sake tayar da zancen ba, kuma a taron da ya biyo baya ba a ajiye wa Tanimu kujera ba. Ni ma akwai abubuwa da yawa da na gani a Kwatano waɗanda ban gama sanin matsayina a kansu ba.

Amma ku da kuka ci abinci a filin nan kuna ta ƙorafi cewa shinkafar ta kama, kuna cewa Tanimu ya tsufa, hannunsa ya lalace: ba tsufa ba ne. Tun da yake girkin jam'iyya, ranar ce kaɗai ya bar tukunya a kan wuta ya je aka ƙirga shi.